Baba Ya Tafi Ɗauko Yaya

Idan kana da labarin da kake so a nuna a talabijin, kada ka tare Yayata a bakin hanya ka fara mata daga zamanin kakanka. Za ta tsaya, za ta gaishe ka har ta tambayi yara, amma idonta na kan agogo. Kana dakatawa ka ja numfashi za ta jefo maka tambayoyinta: wa abin ya shafa ban da kai, me za mu nuna, kuma me ya sa yau? Na sha ganin dattawa masu furfura suna in'ina a gaban tambayar nan ta ƙarshe. Ni kaina ta taɓa yi mini ita, ranar da na ce ta zo ta ɗauki hoton kwatar layinmu da ta toshe. Na ce mata saboda yau ne na faɗa ciki har gwiwa. Ta tuntsire da dariya, ta ce wannan labarin gidanmu ne, gari bai san an yi ba.

Yaya 'yar rahoto ce a gidan talabijin na garinmu, ƙaramar tasha ce, idan ka yi nisa da gari hotonta sai ya koma yayyafi. An raba musu garin kamar ɗakunan gidan haya, kuma kogi ne iyaka. Ɓangarenmu, da makarantunsa da ƙaramin asibiti da kasuwar kayan miya, nata ne. Hayin gada, inda babbar tashar mota take da kotu da layin masu gyare-gyare, na wani abokin aikinta ne da suke kira Mai Kotu. Ko gobara ta hango a hayi, iyakarta ta buga masa waya. Kowace safiya suna zama a ɗakin labarai, kowa ya faɗi abin da ya zo da shi, Edita yana juya shayinsa. Yaya ta ce idan ya ajiye cokali ba ka kai ga abin da za a nuna ba, to labarinka ya mutu, ko jana'iza ba za a yi masa ba.

A shagon Baba ta samo wannan aikin. Babanmu mai gyaran rediyo da talabijin ne, har lokacin da hannunsa ya fara rawa ya rufe shagon. Tana firamare shi yake ɗauko ta a kan keke, ya jingine keken a jikin wata bishiya da ke ƙofar makarantar, ya tsaya har a tashi. Daga nan sai shago, ta zauna tsakanin akwatunan talabijin da aka farke bayansu, ta riƙe sukundireba a baki kamar makirfo tana karanta wa masu jiran gyara labarai na ƙarya. Ni lokacin ba a haife ni ba, amma an ba ni labarin nan har na fara jin kamar da ni aka yi.

Ni ce auta. Tun da Mama ta rasu, daga ni sai Baba a gidan. Yaya tana gidan mijinta, takan biyo bayan an tashi daga aiki da leda a hannu da waya a kunne. Keken ɗinkina yana ɗakin da ke kallon ƙofar waje, kuma ba don iska na ajiye shi a nan ba. Mantuwa ta kama Baba. Da farko makulli ne da tabarau, daga baya sunayen maƙwabta, sai ga shi yana tambayata ko Mama ta dawo daga kasuwa. Ni yana gane ni, ko da yake wani lokacin a matsayin mai ɗinkin da ke haya a gidansa. Yaya kuwa na lura ya fara yi mata irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa mai mutunci, har da tambayar ya hanya. Na faɗa mata. Ta ce barci ne bai ishe shi ba, ta ci gaba da danna wayarta. Ban ƙara tayar da maganar ba, don na ga yadda ta riƙe wayar.

Amma a talabijin bai taɓa kuskure ta ba. Labaran yamma na farawa zai matso da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa teburin. Tana bayyana zai nuna ta da yatsa.

"Ga ta can. Auta, zo ki gani, sun sake barin yarinyar nan tsaye a rana."

Washegari da hantsi zai sa hula, ya shafa aljihu yana neman makullin keken da aka sayar tun ina goye, ya ce zai je ya ɗauko ta. Kuma daidai inda ta tsaya jiya zai nufa. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, amma in ya ga kusurwar bango a bayan Yaya, zai gane wane bango ne a garin nan.

Da farko na yi ta kokawa da shi a ƙofa, yana faɗa ina kuka. Daga baya na gane wahalar banza nake yi. Duk inda Yaya za ta tsaya a ɓangarenmu ne, kuma babu wanda bai san Baba ba, rabin gidajen unguwar shi ya taɓa gyara musu rediyo. Sai na koma kallon labarai kamar mai jiran hasashen yanayi. In ta tsaya a ƙofar asibiti, in buga wa maigadi waya. In a kasuwa ne, in kira mai tumatir. Su ba shi kujera da ruwa, su ce, "Ai ta riga ta tafi gida, Baba, yanzun nan." Sai ya yi godiya ya juyo, hankalinsa kwance. Na kuma lura Yaya ta daina tsayawa a wurin da babu inuwa da benci. Da na tsokane ta, ta ce mai kyamararsu Dogo ne ya ce haske ya fi kyau a nan. Dogo kuwa ya rantse mini bai taɓa cewa komai ba.

Haka muke lallaɓawa har Mai Kotu ya faɗo daga babur ya karya ƙafa. Edita ya ce Yaya ta haɗa da hayi kafin ya warke. Ta zo gida tana ta rawar kai, don labaran kotu da na tasha su ne suke hawa kanun labarai, nata na makarantu kullum sai an kusa rufewa. Na bari ta gama murnarta.

"Yaya, Baba fa?"

Can ta ce murya kawai za ta riƙa sawa a rahoton hayi, Dogo ya ɗauki wurin, ita ba za ta shiga hoto ba. Ta kuwa cika alkawari na ɗan lokaci. Sai direbobi suka shiga yajin aiki, aka cika tasha da fasinjoji a kan jakunkunansu, Edita ya ce kai tsaye za a yi, kuma yana son ganin fuskar ɗan rahotonsa a wurin. Ina kicin na ji muryarta da hayaniyar tasha a bayanta. Na saki ludayi na taho da gudu in kashe, na tarar Baba ya riga ya miƙa yatsa. Ga ta tsaye, ga ƙaton allon tashar a saman kanta.

Da safe na garƙame ƙofa da kwaɗo, na sa makullin a lalitata. Baba ya zagaya, ya taɓa kwaɗon, ya koma ya zauna kamar ya haƙura. Mai ruwa ya zo, na buɗe masa, na bi shi bayan gida ina nuna masa randar da zai cika. Ina fitowa na ga babu takalman Baba a bakin ƙofa. Na fita ko mayafi babu, na duba layi sama da ƙasa, babu shi babu alamarsa.

A safiyar nan aka janye yajin aikin. Lokacin da muka isa tasha da Yaya, motoci fita suke yi ta kowace ƙofa, kowacce maƙil, kowacce da garin da ta nufa. Yaya ta bi 'yan kamasho ɗaya bayan ɗaya da hoton Baba a wayarta. Wani ya ce ya ga tsoho mai farar hula, wani ya ce uku ya gani, wani ya ce kamar an taimaka wa wani ya hau doguwar mota amma ba zai rantse ba. Matar da take tsare shugaban asibiti da tambaya har ya yi gumi, ranar nan roƙon yaron mota take yi. Ni kuwa abin da ke cina shi ne kwalbar maganin hawan jininsa, da na baro a kan tebur kusa da kofinsa.

Muka je wurin 'yan sanda, muka zagaya asibitoci. A babban asibiti mijin Yaya ya ce mu jira a waje, ya shiga wani ɗaki da ke can baya shi kaɗai. Ban san tsawon lokacin da ya yi ba, na dai san Yaya ta riƙe hannuna har farcenta ya yi mini shaida. Ya fito yana girgiza kai, muka yi hamdala, muka ma rasa ko murna ce ko me. Tasharsu ta sa hotonsa cikin sanarwa, tsakanin tallan katifa da na makarantar koyon tuƙi. Waya ta yi ta shigowa, muka yi ta zarya, kowane tsoho muka tarar na wasu ne. Rana ta faɗi ta fito, ta sake faɗuwa ta fito. Ko kaza ce ta taɓa ƙofa sai na miƙe.

Da sassafe Yaya ta zo, idanunta sun kumbura amma ta yi shirin aiki tsaf. Ta ce in bar maƙwabciyarmu a gidan in biyo ta. A hanya leɓenta ne kawai ke motsi, irin yadda take yi idan tana haddace abin da za ta faɗa. Ta zaunar da ni a benci a bakin ɗakin labarai. Ƙofar a buɗe take, ina hango dogon tebur da jaridu a warwatse, da Edita a ƙarshensa, gajeren mutum mai tabarau a goshi. Shi ya fara magana, tun kafin ya taɓa shayin.

"Na yi tunanin abin nan. Za mu yi cikakken rahoto kan tsofaffin da ke ɓata, da hoton Baba a ciki. Amma kin san ƙa'ida, ba a ɗaukar labarin gida. Wani zan ba."

"Na gode, ranka ya daɗe. A yi, ina so. Amma ni wani labarin na kawo."

Ya dube ta ta saman hanci, ya ɗauki cokali.

Ta ce makarantar firamare ta bakin babban titi, tun da mai tsallakar da yara ya yi ritaya ba a kawo wani ba. Yara ɗaruruwa suna tsallaka titin da kansu idan an tashi, manya suna riƙe da hannun ƙanana, motoci ba sa rage gudu. Za a nuna lokacin tashi, da shugabar makarantar, da uwa ɗaya ko biyu. A ɓangarenta ne, kuma ita za ta tsaya a ƙofar da kanta.

Na san labarin nan. Shugabar makarantar ta daɗe tana bin Yaya da shi har gida, Yaya tana ce mata ta bari sai an samu dalili. Edita ma ya san shi. Ya ci gaba da juya shayi.

"Wannan ai tun bara yake. Me ya sa yau?"

Yaya ta dafa teburin da hannu biyu.

"Saboda mutum ɗaya nake so ya kalla. Duk inda ya gan ni tsaye, washegari nan yake zuwa. Wannan ƙofar kuwa ko da ido a rufe zai kawo kansa."

"In kuma ya hau mota ya wuce inda hotonmu yake kaiwa?"

"To ka yi asarar minti biyu, yara kuma sun samu labarinsu."

Cokalin ya tsaya a cikin kofi, bai cire shi ba. Ya ce a sa shi farkon labarai, a maimaita a na ƙarshe, a kuma sake da safe. Sai ya daka wa Dogo tsawa ya ce me yake jira, kamar Dogo ne ya yi laifi.

Na bi su wurin ɗauka. Bishiyar tana nan, ta yi kauri, jijiyoyinta sun ɗaga simintin ƙofar. Yaya ta sa Dogo ya ja da baya har sai da bishiyar da ƙofar da allon makarantar suka shiga hoto gaba ɗaya, ita kuma 'yar ƙarama a tsakiya. Dogo ya yi gunaguni cewa ba haka ake ɗaukar ɗan rahoto ba, ta ce yau haka za a ɗauka. Ta yi aikinta yadda ta saba, ta tambayi shugabar, ta tambayi wata uwa da ta zo da goyo, ba wanda zai ce akwai abin da ke damunta. A ƙarshe ta dubi kyamara ta ce gobe ma idan aka tashi yaran nan za su fito ta wannan ƙofar, suna jiran wanda zai tsallakar da su. Ta faɗi sunanta, da sunan Baba a bayansa, a hankali fiye da kullum.

Da yamma na kalli rahoton ni kaɗai, kujerar Baba a gefena. Na yi ta tunanin a ina ma zai ga talabijin, mutumin da ban sani ba ko yana da inda zai kwanta. Tsoro ya cika ni, har na ji haushin Yaya, na ce a raina ta mayar da ran mahaifinmu shirin talabijin. Amma ni ma ba ni da wata dabarar.

Washegari tun hantsi muna ƙarƙashin bishiyar, ni da ita da Dogo, wanda Edita ya turo wai don a ɗauki abin da ya biyo bayan rahoto. Abin dariya, har an turo wani mai ba da hannu da sabuwar riga, yana ta busa usur ga titin da babu yaro ko ɗaya. Shugabar ta fito tana sa wa Yaya albarka, Yaya tana amsawa idonta na kan hanyar gada. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarko da ihu, aka tsallakar da su rukuni-rukuni. Iyaye suka kwashe nasu. Masu sayar da alawa suka naɗe kaya. Maigadi ya turo ƙofa ɗaya ya rufe, ya tsaya yana kallonmu da ɗayar a hannu. Na zauna a kan jijiyar bishiyar. Yaya ba ta zauna ba.

Wani tsohon babur ne ya taho a hankali ta gefen titi, kamar mai ɗauke da ƙwai. Mai tuƙin wani magidanci ne da abin gwada wuta a aljihun gaba. A bayansa Baba ne, hularsa a karkace, sanye da rigar da ba tasa ba. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na riƙe shi ina taɓa fuskarsa da hannuwansa, shi kuma yana ture ni yana cewa, "Ke mai ɗinki, lafiya?"

Mutumin ya ce shagon gyaran talabijin gare shi a bayan tasha. Baba ya shigo masa kawai, ya zauna a kan kujerar aiki, ya ɗauki sukundireba ya fara ba shi umarni. Da ya tambaye shi gida, Baba ya faɗi sunan wani layi da babu wanda ya sani. Mai shagon ya kai rahoto ofishin 'yan sandan tasha, suka ce ya riƙe shi tukuna, sai ya tafi da shi gidansa. Sanarwar kuwa bai gani ba, ya ce shi talabijin goma ne a kunne a shagonsa, babu wadda yake kallo.

"Ya yi ta ce mini 'yarsa tana cikin talabijin, na ɗauka maganar tsufa ce. Jiya sai ya miƙe yana nuna allo. Yau tun asuba ya hana ni sakat, wai za a tashi yara."

Yaya ta matso. Ta durƙusa a gabansa a kan simintin nan, da kayan aikinta da komai.

"Baba."

Ya dube ta da fara'a, irin ta mutumin kirki da ya haɗu da baƙuwa.

"Sannu, baiwar Allah. Ke malama ce a nan? Yarinyata nake nema. Jiya a nan aka bar ta tsaye."

Na ga abin ya shige ta. Wannan karon babu waya a hannunta da za ta duba, babu zancen barci. Baba kuwa ya fara waige-waige, ya ga ƙofa a rufe, fili babu kowa, numfashinsa ya fara sauri. Ya ce ya makara, wani ya tafi da ita, ya yunƙura zai nufi titi. Na riƙe rigarsa ina ce masa ta tafi gida, amma yau maganar ba ta shige shi ba.

Yaya ta miƙe ta share fuskarta da bayan hannu. Ta karɓi makirfo daga jakar Dogo, ta koma jikin bishiyar, daidai inda ta tsaya jiya, ta gyara tsayuwa. Dogo ya saita kyamara, ya juyo da ɗan allon da ke gefenta wajen Baba, ya ce, "Baba, duba nan."

Baba ya sunkuya, ya kare allon daga rana da tafin hannunsa mai rawa. Fuskarsa ta saki gaba ɗaya.

"Ga ta. Ke, kin daɗe kina jira? Na makara ko?"

Tana tsaye 'yan taku kaɗan daga gare shi, hawaye na bin kumatunta, amma ba ta kalle shi ba, kyamarar ta kalla.

"A'a, Baba," in ji ta. "Yanzu aka tashe mu."